Kafinta da Jakar Cefane

Rumfa ɗaya ce, masu sana'a biyu. Kafinta na hannun dama, Tela na hannun hagu, kuma tun da tsohuwar da ke da gidan ta ba su hayar wurin ba su taɓa faɗa ba, in dai ba za a kira abin da suke yi daga safe zuwa yamma faɗa ba.

Rumfar yamma take kallo. Da safe kowa na cikin inuwa, ana gaisawa da fara'a. Da rana ta karkata sai ta shigo musu ta gaba, ba sallama. A ɓangaren Kafinta akwai wani koren tamfol mai kauri, na Iya mai gida, wanda ake naɗewa a ɗaure sama da safe, a sake shi idan rana ta juyo. Faɗinsa rabin rumfar ne kawai. Kafinta ya riga kama haya, saboda haka rabin mai tamfol nasa ne. Tela kuwa kullum da yamma za ka same shi yana taka keke, tawul a wuya, ido ɗaya a kanne, yana gasuwa a hankali.

Kafinta ba baya ba ne a aikinsa. Kujerunsa suna tsayawa da ƙafa huɗu, yawancinsu. Ciwonsa ɗaya ne: ya yi imani duk wata sana'a a duniya kafintanci ce da aka rage mata wahala. A wurinsa magini kafinta ne da ya rasa katako, mai ɗorin karaya kuma kafinta ne da ya samu katako mai kuka. Shi da kansa ya raɗa wa kansa Injiniya, ya rubuta da jan fenti a allo, mutanen layi kuma suna kiransa da sunan duk ranar da suke son aron guduma.

Wata rana wata mata ta kawo wa Tela yadi ya ɗinka mata jakar cefane, irin mai hannu biyu da ake ratayawa a kafaɗa. Tela ya ce ta dawo gobe. Kafinta ya ajiye zarto.

"Gobe? Maƙwabci, jaka fa ta ce, ba kwat da wando ba. Akwati ne marar murfi. Yadi kuwa katako ne da ba ya gardama."

Tela bai ɗaga kai ba. "Haka ne, Injiniya. Mu ma rashin abin yi ne ya zaunar da mu."

"Ni in na zauna a kan keke, kafin ka gama zura zare a allura na fitar da jaka."

"Ai ba mamaki. Ita ake fara ba ɗan koyo, don a ga ko yana da kai."

Iya tana zaune a bencinta na ƙofar gida, mai shagon bakin layi ya zo karɓar wandonsa, ga kuma matar da ta kawo yadi ba ta tafi ba. Kafinta ya dubi jama'ar, ya ga sun isa.

"To a gwada mana."

Sai a nan Tela ya tsayar da keke. Ya goge wuya da tawul, ya ɗaga ido ya dubi tamfol ɗin da ke naɗe a sama.

"A gwada. Ranar da Iya ke cefanen mako, ka ɗauko mata kayanta a jakar da ka ɗinka da hannunka, daga shago zuwa ƙofar nan. In suka iso, na kwashe kekena na koma lungu, rumfa duka taka. In ba su iso ba, mu yi musayar wuri."

"Na yarda."

"Ban gama ba."

"Ko me za ka ƙara, na yarda."

"Wurin da inuwarsa nake nufi," in ji Tela.

Iya ta ce ita ce alƙali, tunda rumfa tata ce, cefane ma nata ne, kuma ta daɗe ba ta ga abin kallo ba.

Matar Kafinta tana da keken ɗinki na hannu wanda ya daɗe a kusurwar ɗaki yana aikin tebur. An lulluɓe shi, an ɗora masa agogo da kwalbar turare. Da ya dawo gida ya sauke su.

"Baban yara, lafiya?"

"Jaka zan ɗinka."

"Kai?"

"Akwai wani a ɗakin ne?"

"Babu. Shi ya sa na tambaya."

Ta ba shi wani tsohon zanenta. Ya shimfiɗa a ƙasa, ya fito da tef da ƙarfen auna kusurwa, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya yanka falle biyu. A faɗi gaskiya, ba a taɓa yanka yadi daidai haka a gidan ba. Ya haɗa su, ya kama hannun keke ya juya da ƙarfin da ake tayar da injin niƙa. Ya bi gefe, ya bi ƙasa, ya bi ɗaya gefen, da ya ga aiki na tafiya ya bi sama ma.

Ya miƙa mata. Ta juya abin gaba da baya.

"Matashin kai ne?"

"Jaka ce."

"To ta ina kaya ke shiga?"

Ya karɓa ya duba. Ya ɗan daɗe yana dubawa.

"Ke ba ki san aiki ba. Jiki ake fara haɗawa, sannan a fitar da ƙofa. Haka ake yi wa kabad."

Ya ɗauki almakashi ya fitar da ƙofa a gaba, inda ƙofar kabad take zama. Ta jefa albasa ɗaya ta ƙofar. Ya ɗaga jakar. Albasar ta fito ta inda ta shiga, ta gangara ƙarƙashin gado.

Tana neman albasar ne ta ce, kamar da bango take magana, ita dai ta ga masu ɗinki a baibai suke ɗinka jaka, sannan su juya ta, ɗinkin ya ɓuya a ciki.

"Na sani. Gwada ki nake."

Tsohon zane ya ƙare, sababbi kuma ta ce ba sa nan, duk da yana ganin akwatin da suke ciki. Ya sauke labulen taga, ya ce dama ɗakin yana buƙatar iska. Wannan karon gefe uku ya ɗinka, a baibai, ya bar baki a buɗe. Ya yanka hannuwa biyu ya kafa su a waje, ya bi kansu gaba da baya har zare ya yi tudu. Sannan ya zura hannu ya juya jakar, a hankali, don ta ga yadda ake yi.

Jaka ta fito sumul. Ta leƙa gefe, ta leƙa ɗaya gefen.

"Hannuwan fa?"

"Suna ciki."

"Me suke yi a ciki?"

"Saboda ɓarayi. Ɓarawo ya zo fizga, ya rasa inda zai kama."

"Mai jakar ma haka."

Ta ce ya farke ɗinkin ya sake. Ya ce kafinta ba ya komawa baya, in baki ya lalace yanke shi ake yi. Ya yanke saman jakar da hannuwan duka, ya sake kafa wasu. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya yanke ya daidaita, sai gefen jakar ya karkace. Ya rage gefen, sai ƙasan ya yi faɗi. Ya rage ƙasan. Da ya gama gyara, jakar ta fito daidai ta kowace kusurwa, kuma za ta iya ɗaukar sabulu ɗaya, in an ɗan yi wanka da shi.

Taga ba labule, maƙwabciya kuma tana da ido. Kafin ya buɗe rumfa da safe labari ya riga shi zuwa. Mai shago ya ɗaga masa hannu daga nesa.

"Injiniya, an ce jakar sabulu ta fito. Ta ashana kuma sai yaushe?"

"Samfur ne. Kowane babban aiki da samfur ake farawa."

Tela ya tashi daga kan keke. Ya dai ɗauko tef ɗinsa ya tsallako ɓangaren Kafinta, ya auna daga bango zuwa ginshiƙi, ya koma ya auna faɗin kekensa, ya gyaɗa kai.

"Ɗan ɗaga ƙafa, Injiniya. Ina so in ga inda dutsen guga zai zauna."

A gida kuwa matar ta kulle akwatin kayanta, ta ɗaure makullin a bakin zane. Labulen ƙofa ya ɓace. Zanen gado ma da safe ake naɗe shi a kai ɗakin maƙwabciya.

Kafinta ya zauna ya yi wa lamarin nazari irin na masana, ya gano inda laifin yake. Ba hannunsa ba ne, ba kansa ba ne. Yadi ne. Abu ne marar ƙashi, ka ajiye shi nan ya koma can, ba ya riƙe awo. Aikin namiji yana son abu mai jiki.

Ana gobe cefane ya yi sammako zuwa rumfa, layi ba kowa. Yana buɗe ƙofa ya ɗaga kai, sai suka haɗa ido da tamfol.

Bai daɗe yana shawara ba. In ya ci, rumfa duka tasa ce, zai yi mata inuwar katako mai kyau, wa zai tuna da tsohon tamfol? In ya faɗi kuwa, wannan bai shiga lissafinsa ba. Ya kwance igiya. Gefunan tamfol ɗin rana ta cinye su, kuma duk kafintan kirki ya san tsakiyar katako ake ɗauka. Ya fitar da falle biyu manya daga tsakiya, da dogo ɗaya na gefuna, da na gindi, da sirara biyu na hannu. Ya naɗe abin da ya rage, ya ɗaure sama yadda yake.

Ran nan da rana ta karkata bai saki tamfol ba. Ya zauna yana goge katako, gumi na bin haɓarsa.

"Injiniya, ka manta da labulenka," in ji Tela.

"Ban manta ba. Rana tana da amfani ga gaɓoɓi."

"Ko dai koyon zaman ɓangarena kake? Ka kyauta. Gara a fara da wuri."

A gida allurar keke ta shiga tamfol ta karye. Ya sa wata, ta bi 'yar'uwarta. A ta ukun keken ya yi wata ƙara daga can cikin cikinsa, ya tsaya, bai sake motsi ba. Matar ta zo ta lulluɓe shi, ta mayar da agogo da kwalbar turare a kansa.

Ya koma ga basilla da zaren ɗinkin buhu. Basilla ma da ƙyar take ratsawa. A nan ne ilimi ya yi masa rana. Katako in ya yi tauri ba a tura masa ƙusa da ƙarfi, huda shi ake fara yi. Ya ja layi da fensir a bakin kowane falle, ya ɗora a kan guntun katako, ya ɗauki ƙusa da guduma ya shiga huda ramukan da zare zai bi. Kuma tunda kowa ya san aiki ya fi ƙarfi in ƙusoshi sun yi yawa, ya jera ramukan kusa da kusa, kowane na taɓa kafaɗar ɗan'uwansa, musamman a gindi, inda nauyi zai zauna.

Duk wanda ya taɓa yage rasit ya san irin wannan layi. Kafinta ma ya san shi, sai dai bai taɓa ganinsa a kore ba.

Da ya gama, jakar ta tsaya da kanta a tsakar ɗaki kamar bokiti. Matar ta zagaya ta.

"Tana da baki," ta ce. "Hannuwa ma suna waje."

"Faɗi sauran mana."

"Iyakar abin da na gani ke nan."

Ranar cefane da hantsi mutanen layi suka cika ƙofar shago. Wanda bai taɓa sayen ko ashana a wurin ba ma ya zo. Iya ta iso da sandarta, Tela na biye da ita, tawul a kafaɗa. Kafinta ya dire jakar a kan kanta, ta yi ƙara kamar an ajiye kujera.

Mai shago ya fara zuba kaya: shinkafa, sukari, galan na man girki, albasa, tumatir. Da aka zo kan ƙwai Iya ta miƙa hannu.

"Waɗannan ni zan riƙe."

"Haba Iya, a gaban mutane? Sa su a ciki," in ji Kafinta.

"Ɗan nan, ƙwai ne fa."

"Ko jariri ne a sa shi."

Aka sa. Ya ɗaga jakar, ya jijjiga, ko gezau. Jama'a suka ɗan yi shiru, har Tela ya daina murmushi. Wannan shirun ne ya ƙarasa Kafinta. Ya zaro gudumarsa daga ƙugu ya cusa a gefe.

"Maƙwabci, ina dutsen gugarka? Kawo shi ma."

"Sharaɗi cefane ne kawai."

"Na sani. So nake kunyar ta ishe ka har gida."

Tela ba mai musu da maƙwabci ba ne. Ya je da kansa ya ɗauko, da sauri.

Kafinta ya rataya jaka a kafaɗa, ya kama hanya a tsakiyar titi, jama'a na biye. Bai ga dalilin yin tafiyar a banza ba, sai ya haɗa da darasi. Ya bayyana musu cewa matsalar teloli ita ce ba su san tushe ba. Kowane abu gindinsa ake fara ƙarfafawa. Ya ce bayan wannan zai duba maganar takalma, don ya lura masu yin su ma suna wasa da mutane.

Sun wuce rabin hanya, ana hango rumfa, sai aka ji wata 'yar ƙara siririya, kamar ana buɗe zif a hankali. Ta fara daga kusurwa ɗaya, ta bi layin fensir ba ta kauce ba, ta zagaya ta dawo inda ta fara.

Gindin jaka ya sauka ƙasa da duk abin da ke kansa. Kafaɗar Kafinta ta yi sama. Ya ji sauƙin, amma ya riga ya fara magana, kuma bai saba barin magana a rabi ba.

"Kuma kamar yadda kuke gani, ko nauyinta ba a ji."

Kayan sun ɗan tsaya a jere a kan koren fallen, cikin ladabi. Sannan dutsen guga ya kwanta a kan ƙwai, guduma ta sami murfin galan, mai ya kama hanyar kwata, albasa kuma kowace ta nufi inda ta ga dama. Kajin layi, da ba a gayyace su ba, suka iso kan shinkafa.

Kafinta ya leƙa cikin jakar, ya hango takalmansa. Ya durƙusa ya zaro gindin daga ƙarƙashin ɓarnar, ya ɗaga shi sama yana ɗigar ƙwai.

"Ku duba da kyau. Zaren bai tsinke ba. Ɗinkina yana nan."

Gaskiya ne, zaren yana nan lafiya, yana riƙe da siririn bakin tamfol.

"Kuma ku dubi yadda ya rabu. A miƙe. Ko da zarto sai haka."

"Wannan kam ban iya ba," in ji Tela.

Kafinta ya ƙarasa ƙofar gida da sauri, ya ajiye abin da ya rage a kafaɗarsa, ya ce a shaida jaka ta iso.

"Cefane aka ce ya iso," in ji Iya. "Kai kullum kana isowa."

Ta sa bakin sanda ta juya jakar, ta sunkuya ta murza koren da yatsu biyu.

"Ɗan nan, a ina ka samo wannan?"

"Irinsa da yawa a gari, Iya."

Ta saki jakar. Ta ce a yi musayar wuri yanzu, tun mutane ba su watse ba. Ba a taɓa samun masu taimako a layin kamar ranar ba. Kafin Kafinta ya gama bayanin cewa teburinsa ba ya son a ja shi, an ja shi, an ɗauko keken Tela an dasa a hannun dama, daidai inda aka auna.

Rana ta karkata. Tela ya zauna a sabon wurinsa, ya gyara kujera, ya cire tawul daga kafaɗa, ya ninke shi da kyau ya miƙa wa Kafinta.

"Riƙe. Yana shan gumi sosai."

Sannan ya miƙe ya kwance igiya. Tamfol ya warware ya sauko.

Abin da ya sauko firam ne, mai tagogi. Biyu manya a tsakiya, doguwa ɗaya, ƙarama ɗaya, sirara biyu, kowace kusurwarta tsaf. Rana ta shigo ta babbar ta sauka a kan keke da fuskar Tela, ido ɗaya ya kanne da kansa. Ta ɗaya tagar kuma ana hango Iya a tsaye a waje, ta dafa sanda da hannu biyu.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Mai shago ne ya fara, shi ma tari ya so ya yi.

"Iska za ta riƙa shiga," in ji Kafinta.

Iya ta leƙo ta tagar. "Cefanena da tamfol ɗina, wannan tsakanina da kai ne, za mu zauna. Amma a kan inuwa aka yi sharaɗi, kuma ka sha kaye. Ba shi inuwarsa."

"Ai abu ne mai sauƙi, Iya. Guntayen suna nan. Yanzu zan ɗinke shi ya koma sabo."

Tela ya miƙe tsaye. "Iya, don girman Allah kar ya ɗinka. Na yafe ɗinkin."

"To in buga falanki a wurin," in ji Kafinta. "Ƙusa kaɗan ce."

"Na ga abin da ƙusarka take yi," in ji Iya. "Ba za ta shiga ginina ba. Falankin dai ɗauko shi. Hannu gare ka."

Da yammar ranar, duk wanda ya bi ta layin ya ga Kafinta a tsaye a gaban rumfa, rana na dukan ƙeyarsa, tawul a wuya, ya ɗaga faffaɗan falanki da hannu biyu ya tare tagogin. Daga bayan falankin ana jin keke na tafiya a natse. Wani mai wucewa da bai san abin da aka yi ba ya tsaya.

"Injiniya, sannu da aiki. Me ake yi haka?"

"Awo nake."

Keken ya tsaya.

"Ɗan matsa hagu, Injiniya," in ji Tela daga cikin inuwa. "Awon bai rufe min kafaɗa ba."

Ya matsa.